Idan za a yi wa yaronki tiyatar noma, ciwon nan mai cin baki da fuska

Mako biyar na yi ina jinyar ɗan ƙanwata a Asibitin Noma na Sakkwato, shi ya sa nake son 'yan uwana mata su ji wannan.

Kada ki jira sai kunci ya huje. Namu bayan ƙyanda ya fara: dasashi na jini, baki na wari, sai kunci ya kumbura. A ƙauye aka ce ciwon iska ne, muka ɓata kwanaki ana turare. Alhali a lokacin maganin ƙwayoyin cuta, kurkure baki da ruwan gishiri da abinci mai gina jiki kan tsayar da shi. In aka bar shi ba magani, kusan yara 9 cikin 10 ba sa kai labari. Asibitin yana nan tun 1999, kuma magani kyauta ne.

Tiyatar gyaran fuska sai ciwo ya mutu, tabo ya zauna, yaro ya murmure. Watanni ne, ki yi haƙuri.

Ranar aiki, abin da ya fi wuya shi ne hana shi ci. Mu an ce mana awa 6 ba tuwo, ba kunu, ba madara, ruwa zalla kuma a tsaya saura awa 2. Zai yi kuka, zai riƙe miki zane. Don Allah kada tausayi ya sa ki ɗura masa kunu a ɓoye, domin in maganin barci ya kama shi, abin da ke ciki na iya tasowa ya faɗa huhu. In har ya ci, ki faɗa, gara a ɗaga aikin. Haka tari, mura, zazzaɓi, ko wani jiƙo da aka ba shi, duk ki sanar da likitan barci.

Yaronmu tabo ya ɗaure masa muƙamuƙi, ko cokali ba ya shiga. Likita ya duba bakin, ya leƙa hanci, ya ce ta hanci za a zura bututun numfashi, da siririyar na'ura mai nuna hanya. Da aka fito da shi na ga ɗan jini a hanci, gabana ya faɗi, ashe sawun bututun ne.

In ya farka, ki riƙe hannuwansa kada ya taɓa ɗinki ko ya fizge robar da ake ba shi abinci ta cikinta. Atisayen buɗe baki da aka koya miki kuma kullum ne, in an yi sakaci bakin na iya sake kullewa. Mu bayan sallar asuba muke yi, yanzu yatsuna biyu na shiga tsakanin haƙoransa.