Yadda Ake Gane Ko Fok ɗin Sabon Babur Zai Shiga Tsoho

Mai tsohon babur yakan kai lokacin da fok ɗin gaba, wato sanduna biyun da ke riƙe da tayar gaba, ya lanƙwashe ko ya riƙa zubar da mai, ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna bai sami irin na asali ba, sai mai kaya ya miƙo masa na sabon samfuri ya ce duk ɗaya ne. Wani lokaci gaskiya ya faɗa, amma ido ba ya iya tabbatar da hakan, sunan da ke jikin tanki ma ba ya tabbatarwa. Honda CG125 misali ne mai kyau: tun 1975 ake ƙera shi, an yi shi a Japan da Brazil da Pakistan, kamfanonin China da yawa sun kwaikwayi fasalinsa, kuma kayan gabansa sun sauya a tsawon waɗannan shekaru duk da sunan bai sauya ba. Awo ne kaɗai ke raba gardama, kuma ya kamata a yi shi kafin kuɗi su bar aljihu.

Za ka buƙaci tef na awo, takarda da biro, da ma'aunin kauri mai baki biyu irin wanda masu injin juya ƙarfe ke amfani da shi, domin tef ba ya nuna bambancin milimita ɗaya a jikin ƙarfe mai zagaye. Ka kafa babur a kan ƙafar tsakiya, ka tokare ƙarƙashin inji da katako har tayar gaba ta bar ƙasa, sannan ka fara.

Mataki na farko shi ne yanke shawarar abin da za ka sauya. Ko dai sandunan fok biyu kawai za ka zura a cikin mariƙansu na asali, wato farantan ƙarfe biyu na sama da na ƙasa da ke haɗe da wuyan babur, ko kuma za ka ɗauko gaban sabon babur gaba ɗaya, da mariƙai da taya da birki. A ganina hanya ta biyu ta fi aminci a mafi yawan lokuta ko da ta fi tsada, saboda kayan da aka ƙera tare sun riga sun dace da juna, abin da zai rage maka shi ne daidaita wuya kawai.

Idan sanduna kaɗai za ka sauya, mataki na biyu shi ne auna kaurinsu a daidai wurin da mariƙi ke damƙe su. Tsofaffin CG125 suna da sanduna masu kaurin milimita 27, yawancin ƙananan babura na baya-bayan nan kuwa suna zuwa da 30 ko 31 ko 33, manya kuma su kai 41 ko 43. Dole lambar ta zo daidai. Sandar da ta fi ramin kauri ba za ta shiga ba, kuma buɗa bakin mariƙi da kurfi domin a tura ta yana tsaga shi, musamman na alminiyam. Wadda ta gaza ramin kauri ta fi haɗari, domin wasu makanikai kan naɗa mata gwangwani su ɗaure, ta zauna kamar lafiya, sai ranar da aka taka birki da ƙarfi ko aka faɗa rami ta zame sama. Fok ɗin zamani da ake kifawa, mai kaurin a sama siririn a ƙasa, ba ya shiga tsofaffin mariƙai ko kaɗan, sai da nasa.

Mataki na uku, wanda ya shafi mai sauya gaba ɗaya, shi ne wuya, kuma a nan ne aikin ya fi buƙatar haƙuri. Ka kwance gaban tsohon babur, ka ajiye sandar wuyansa kusa da sabuwar, ka auna abubuwa uku. Na ɗaya, tsawon sandar daga inda boris na ƙasa ke zama zuwa inda zaren noti ya fara da inda ya ƙare, ka gwada da tsawon bututun wuya na firam. Idan ta gajarta, noti ba zai sami isasshen zaren kamawa ba. Idan ta yi tsawo, zare zai ƙare kafin noti ya matse boris, wuya ya riƙa ƙwanƙwasa. Na biyu, kaurin sandar a mazaunin boris na sama da na ƙasa, waɗanda sau da yawa ba ɗaya ba ne. Na uku, faɗin ramin firam inda kofin boris ke shiga. Ana bayyana girman boris da lamba uku, ramin ciki da faɗin waje da tsayi, kuma akwai mai 25x47x15 akwai mai 26x47x15, waɗanda ba za ka bambance su a tafin hannu ba, amma ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. Abin da kake nema shi ne boris da cikinsa ya dace da sabuwar sanda, wajensa kuma ya dace da tsohon firam. Idan babu shi a kasuwa, mai injin matsa ƙarfe zai iya fitar da sandar wuyan tsohon ya dasa ta a sabon mariƙi, tare da yanka mata zobe idan ramin ya fi ta faɗi. Yanke sanda a haɗa da walda kuwa ban yarda da shi ba, domin nauyin babur da na mahayi da ƙarfin birki duk a kan wannan ƙarfen suke taruwa.

Mataki na huɗu shi ne tsawon fok, daga samansa zuwa tsakiyar ramin da ƙarfen taya ke bi, ana aunawa taya tana sama ba nauyi a kanta. Mutane kan raina wannan awo saboda fok mai tsawo da gajere duk suna ɗauruwa, alhali shi ne ke sauya halin babur a kan hanya. Bambancin milimita 25 yana karkatar da wuya da kusan digiri 1. Gajeren fok yana sunkuyar da gaba, kan babur ya yi saurin juyawa, a guje kuma ya iya fara rawa, abin da ya fi muni idan an ɗauko kaya a baya. Dogon fok yana ɗaga gaba, kan ya yi nauyi a kwana, ƙafar tsakiya ma ta kasa ɗaga taya. Idan sabon ya ɗan fi tsawo, ana iya tura sandunan sama su leƙo ta kan mariƙi, muddin ba su tokari hannun babur ba. Idan ya gajarta sosai, a haƙura da shi. Ka kuma duba nisan ramukan fok daga sandar wuya zuwa gaba a sabon mariƙi, domin idan ya bambanta da na tsohon da yawa, shi ma yana taɓa natsuwar babur a miƙaƙƙiyar hanya.

Mataki na biyar taya ne. Ka auna kaurin ƙarfen da ke ratsa tsakiyarta, wanda a ƙananan babura yakan zama milimita 10 ko 12 ko 15, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙafafun fok biyu daga ciki. Dole taya ta zauna a tsakiya sosai, kuma zobban ƙarfen da ke gefenta ne ke tabbatar da haka, ba tarin washa ba. Idan girman wili ya sauya daga inci 18 zuwa 17, mita za ta riƙa nuna gudun da ba shi ba.

Birki shi ne mataki na shida, kuma a nan ne sauyin sanduna kaɗai ya fi rushewa. Tsohon birki na cikin hob, wato cibiyar wili, yana da faranti mai tsagi da ke kama wani tudu a jikin ƙafar fok, kuma wannan tudun ne ke hana farantin juyawa tare da taya. Fok ɗin da aka yi domin birkin faifai mai aiki da mai ba shi da wannan tudu, kunnuwa biyu yake da su na ɗaure abin damƙar faifai. Haɗa tsohon hob da irin wannan fok ba tare da abin riƙe farantin ba yana nufin farantin zai juya ya finciko waya, taya ta iya cijewa nan take. Wanda ya koma birkin faifai sai ya ɗauko wili da faifai da abin damƙa da tiyo da hannun birki na samfuri ɗaya, ya tabbatar hannun babur ɗinsa mai kaurin milimita 22 ne kamar yadda aka saba, domin maƙalar ta zauna.

Idan fok ɗin na hannu ne, ka zare sandunan ka mirgina su a kan gilashi ko teburi mai santsi, lanƙwasa za ta bayyana. Tsatsa mai rami a wurin da robar da ke tare mai ke gogawa tana yanka robar, mai ya dawo yana zuba.

Mataki na ƙarshe gwaji ne bayan an haɗa. Ka juya kai dama da hagu har ƙarshe, ka ga ko fok ko hannu yana bugun tanki, domin tudun da ke tsayar da juyawa a sabon mariƙi ba lallai ya haɗu da na tsohon firam ba. Ka lura wayar birki da ta mita da ta totur ba sa miƙewa tsam ko naɗewa. Ka sauke babur, ka kama birkin gaba, ka danna da dukkan nauyinka, ka tabbatar taya ba ta taɓa madigadi ko inji ko bakin salansa. Ka ɗaura siririyar roba a jikin sanda ɗaya domin ta nuna iyakar nutsewar fok: idan ka zauna kawai, ya kamata ya nutse kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na tafiyarsa, idan ya wuce haka sifirin ya yi wa babur ɗinka laushi. Daga nan ka yi tafiya a hankali a fili mara cunkoso, ba fasinja, kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan kana gwada birki, ka dawo ka sake bin notin wuya da na mariƙai da na taya da sifana, sannan ka maimaita wannan dubawa bayan kwanakin farko na hawa, lokacin da sabon boris ya gama zama a gurbinsa.