Masu shagon tabarau, ku duba wannan kafin ku saro mai maganaɗisu

Jama'a, wanda zai saro gilashin rana mai mannewa da maganaɗisu, ya fara gwada ƙarfin kamun. Ɗora shi kan firam, ka kifa, ka girgiza. In ya zame, bar shi.

Sannan leƙa ta gefe: kada ya taɓa gilashin magani, don a hankali zai karce shi, mai saye ya dawo maka da ƙorafi. Ni dai firam da murfinsa, wato gilashin ranar, nake saye tare, na wani firam ba kasafai yake zama daidai ba.

Baƙin launi ba shi ne kariya ba, nemi mai alamar UV400, wato mai tare hasken rana mai cutar da ido. In an ce yana kashe ƙyalli, riƙe shi gaban allon kwamfuta ka juya, ya kamata ya yi duhu.