Wane kati za ka riƙa tara makin jirginka a kai?

Duk ɗan kasuwar da ya tare ni a unguwar Aboabo ta Kumasi da maganar katin tara maki na jirgi, wato katin da kamfanin jirgi ke zuba maka maki a kai in ka yi tafiya, har su isa ka karɓi tikitin kyauta, tambayar da nake fara yi masa ita ce ina ya fi zuwa. Tafiya ɗaya kati ɗaya take shiga, in kuwa ka rarraba makinka a katuna uku, babu wanda zai kai ka ko'ina.

Yawancin manyan jiragen da ke tashi daga Akra suna cikin ƙawance uku. Ethiopian, Turkish, EgyptAir da United suna Star Alliance. KLM, Air France, Kenya Airways da Delta suna SkyTeam. British Airways, Qatar da Royal Air Maroc suna oneworld. Emirates ba ta cikin ko ɗaya. Amfanin sanin wannan shi ne kana iya hawa Turkish zuwa Istanbul, ka ba da lambar ShebaMiles ta Ethiopian, makin ya shiga can.

Ni Guangzhou nake zuwa saro kayan waya, ta Addis Ababa, don haka ShebaMiles na riƙe. Kuma maganar Allah, tikitin kyauta bai dame ni kamar kaya ba. Wanda yawan tafiya ya kai shi matakin Gold a Star Alliance ana ƙara masa jaka guda ko kilo 20 a yawancin tikitoci, yana da layinsa daban wajen auna kaya, sannan ya zauna a ɗakin hutu yayin jiran jirgi na biyu. Wanda ya taɓa tsugunawa gaban sikeli yana zaro kwalayen caja daga jaka, ana ta wuce shi, ya san darajar kilo 20.

Hajiyar da ke zuwa ganin 'ya'yanta a New York sau ɗaya a shekara kuwa, lissafinta daban ne. Da wuya ta kai wani mataki, sai ta duba wa'adin makin. Na Delta da United ba sa mutuwa. Na Emirates shekara 3 suke yi, na Flying Blue, wato katin KLM da Air France, suna ɓacewa in aka yi wata 24 ba a motsa asusun ba.

Kafin ka biya ejan ɗinka a unguwar Adum, ka ce ya faɗa maka harafin ajin tikitin, ka duba shi a shafin katinka. Kujera ɗaya ce, amma wani harafin cikakken maki yake bayarwa, wani rabi, wani babu ko ɗaya, musamman in jirgin abokin ƙawance ne. Wannan wajen ne ake yi wa mutanenmu asara ba su sani ba, abin yana ci mini rai.

Sunan da ke katin ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi, don Mohammed da Muhammad mutum biyu ne a wajen kwamfuta. Ka adana takardar shiga jirgi har sai ka ga makin ya shiga. In mako biyu ya wuce shiru, da ita da lambar tikiti za ka nemi haƙƙinka.