Maganin ƙwari a gari da wake

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. In kin buɗe fulawa ko garin masara kika ga ya dunƙule da zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, ko warinsa ya canza, tsutsa ta shiga. Ki tankaɗe da rariya, ki shanya a rana.

Galibi ƙwan tun daga kasuwa yake zuwa, shi ya sa nake sa sabon gari a firiza kwana 4, in akwai wuta. Kada ki juye sabo kan tsoho, ki wanke bokitin ya bushe tukuna.

Wake kuwa, ki busar, ki cika jarka taf ki toshe, rashin iska ke kashe ƙwarin. Don Allah a daina zuba masa fiya-fiya, guba ce.