Kurakuran da sababbin ɗalibai ke yi wajen auna jan ƙasa da intafaromitar atam

Intafaromitar atam na'ura ce da ke harba wa atam mai faɗuwa bugun hasken leza uku, ta auna jan ƙasa daga yadda igiyar atam ɗin ta goce. Na gaji da ganin ɗalibi ya rubuta cewa gocewar igiyar atam ita ce k sau g sau T sau T (k ma'aunin igiyar hasken leza da alkiblarta, g ƙarfin jan ƙasa, T lokacin da ke tsakanin bugun haske da na gaba), ya ajiye alƙalami kamar aiki ya ƙare. Wannan lissafi yana ɗauka cewa hasken leza yana isa ga atam nan take, alhali haske yana ɗaukar lokaci kafin ya kai, atam ɗin kuwa yana cikin faɗuwa, bai tsaya jiransa ba.

Wannan kuskure ya ci mini kusan wata huɗu. Ma'aunina ya yi ta saɓa wa wani ma'auni da 'yan maikrogal (ƙaramin ma'aunin jan ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin biliyan na g), na canza madubi, na zargi girgizar bene, na kwance wayoyi na sake ɗaurawa, ashe laifin yana kan takardata. Atam mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa yana da kusan kashi 3 cikin biliyan na gudun haske, wanda ya kai kimanin maikrogal 3 idan aka ninka shi da g. Masana kimiyya Peters, Chung da Chu sun riga sun kai wannan daidaito da atam ɗin siziyam tun 1999, don haka babu mai uzurin cewa gyaran ya yi ƙanƙanta. Abin da nake yi yanzu shi ne in lissafa lokacin da kowane bugun haske uku ya riski atam, in haɗa da sauyin firikwensin leza (saurin kaɗawar haskensa) da ake yi don bin atam mai faɗuwa, wanda ga atam ɗin rubidiyam yake kusan megahaz 25 a daƙiƙa, sannan in juya alkiblar k in kwatanta sakamakon biyu.

Kuskure na biyu na masu zumuɗi ne, waɗanda ke cewa ma'auninsu ya gwada jinkirin agogo na Einstein, wato yadda jan ƙasa ke rage saurin agogo. Müller, Peters da Chu sun yi wannan da'awa a 2010, suna ɗaukar atam tamkar agogo mai bugawa da firikwensin Compton (saurin bugu da ake lissafawa daga nauyin atam ɗin), sai Wolf da Cohen-Tannoudji da abokansu suka mayar da martani cewa abin da aka gwada shi ne daidaiton faɗuwar abubuwa, wato cewa komai yana faɗuwa daidai wa daida a jan ƙasa ɗaya. Ni ina tare da na biyun, kuma ɗalibin da bai karanta ɓangarorin biyu ba, ya yi shiru.

Sauran kurakuran masu sauƙi ne, amma tasirinsu a kan awo ya fi girma. Jan ƙasa yana raguwa da kusan maikrogal 300 a kowace mita ta tsawo, saboda haka a faɗi tsawon da aka yi awo. Juyawar duniya da jan wata da rana kuwa a cire su tukuna, kafin a fara ambaton Einstein.