Yadda ake haɗa kirosoba a akwatin sifika na gida

Kafinta ya buga maka akwati, ka sayo babbar sifika da tuwita (ƙaramar sifika mai fitar da siririn sauti) a kasuwar Wunti ta Bauchi, ka jona su kai tsaye, ana tsakiyar kamu tuwitar ta yi tsit. Kada ka zagi mai shago. Bes ne ya shiga inda ba huruminsa ba, ya ƙona siririyar wayar da ke cikinta. Kirosoba, wato haɗin kwandansa da kwayil, ke raba wannan gardama: sauti mai kauri ya tafi babba, siriri ya tafi tuwita.

Fara da sanin om ɗin kowacce, yana rubuce a bayan maganaɗisun. In ya goge, sa mita. Mai om 8 takan nuna 6 zuwa 7.

Sai ka zaɓi inda za a raba. Ga sifika mai inci 6 ko 8, 3000Hz ya yi. In takardar tuwita ta nuna Fs, wato Hz ɗin da ta fi saurin karkarwa a kansa, kada ka sauka ƙasa da ninkinsa biyu.

A lissafi yawancin yaran shago ke zamewa, su ciro kowace kwandansa daga mataccen rediyo su liƙa. Don kwandansa, ninka om da Hz, ka raba 159,000 da abin da ya fito. 8 sau 3000 ya ba ka 24,000, amsa 6.6 mikrofarad, sai ka sayi 6.8. Kwayil kuwa: 159 sau 8, a raba da 3000, ya kama 0.42 milihenri. In om 4 ce, kwandansa ta ninka, kwayil ya koma rabi.

Kwandansa tana kan wayar fulas ta tuwita, kwayil a kan ta babbar. Nemi kwandansar da ba ta da fulas da mainas, mai ɗaukar bolt 100.

Wannan haɗin na ɗaki ne. Akwatin da zai sha majalisi da taron wa'azi, ni ban yarda da shi a haka ba, don bes na ɗan zurarawa. Yi mai hawa biyu, ga om 8 da 3000Hz ɗin nan: kwandansa 4.7 a layin tuwita da kwayil 0.6 a gicciye tsakanin ƙafafunta, kwayil 0.6 a layin babba da kwandansa 4.7 a gicciye. Juya wayoyin tuwita, fulas ya koma wurin mainas, in ba haka ba murya za ta yi rami a mahaɗar. Kwayil ɗin biyu kuma, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, nesa da juna.

Af, tuwitar fizo, mai arahar nan da ba ta da maganaɗisu, ba ta bin wannan lissafin.

Gwada da ƙaramin sauti, da muryar wanda ka sani. In tuwita na soka kunne, sa rizisto mai om 2 ko 3, wat 10, kafin kwandansa, ka sake saurare kafin ka ɗaure bayan akwatin.