Kurakuran da aka fi yi wajen jinyar babba a gida

A Garwa ko Marwa ko Kusiri, in asibiti ya sallami dattijo bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, sai gida ya cika da masu dubiya, kwanukan abinci har su rasa wurin ajiya. Masu hannu a jinyar suna da yawa, amma da wuya ka sami mutum ɗaya da zai iya gaya maka yaushe aka juya Baba, ko wa ya ba shi maganin safe. Yawancin ɓarnar daga nan take fitowa.

Mafi muni shi ne gyambon kwanciya. "Ku ƙyale shi, ya sami barci," in ji uwargida, sai a bar shi gefe ɗaya tun hantsi har la'asar. Inda ƙashi ya danne fata, wato ƙugu, gindin baya, kafaɗa da dunduniya, jini yana daina zagayawa, naman ya fara mutuwa daga ciki tun ba a ga komai a waje ba. A juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2. Wasu gidaje suna haɗa juyin da lokutan salla, dabara ce mai kyau, sai dai tsakanin asuba da azahar, da tsakanin isha'i da asuba, akwai nisa, dole a ƙara juyi a tsakani, a raba dare. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, don haka a nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi tauri, ko ya fi kewayensa zafi. In an gan shi, kada a murza da man zafi, murzawar tana ƙara ɓata shi; a ɗauke masa nauyi kawai. A sa matashi ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta bar katifa. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari kuma a rufe ta da zanen auduga. In fata ta riga ta fashe, ban da toka, ban da garin kafso, aikin ma'aikacin jinya ne.

Sai ɗura kunu mutum yana kwance. Bayan shanyewar jiki haɗiya tana rauni, abinci ya bi hanyar iska ya zama ciwon huhu. A zaunar da shi sosai, a ba shi da ƙaramin cokali, ya ƙara rabin awa a zaune bayan ya gama. Tari ko ƙwarewa lokacin ci alama ce da za a kai wa likita. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, ko ruwa ne ko rubutu.

Akwai masu rage wa majinyaci ruwa don kada ya yawaita jiƙa shimfiɗa. Na san wankin yana da wuya, amma daga Maris zuwa Mayu zafin yankinmu yana haura digiri 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishi kamar yaro. Ruɗewar da ake cewa "tsufa ne" sau da yawa rashin ruwa ne ko ciwon mafitsara. In ba likita ne ya ƙayyade ruwan saboda zuciya ko ƙoda ba, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan.

Magani yana son hannu ɗaya da littafi ɗaya: me aka ba shi, ƙarfe nawa, wa ya bayar, a ajiye tare da takardun asibiti. Ba a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi, ba a sayensa a farantin mai talla da ya wuni cikin rana. Mai ciwon suga da aka yi wa allurar insulin bai ci abinci ba, in ya fara gumi da rawar jiki, a ba shi ruwan suga muddin yana iya haɗiya.

In za ku ɗauki mai jinya da kuɗi, farar riga ba shaida ba ce. Ku nemi takardar makarantarsa, ku duba ko yana wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ciwo, allura kuma a ɓare ta a gabanku. Namiji ya wanke namiji, mace ta wanke mace in da hali, a rufe jiki, a yi masa magana: "Baba, za mu juya ka." Yana ji, ko da bakin ya ƙi.

Da hunturu kada a shigar masa da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Iskar da gawayin ke fitarwa tana kisa, kuma ba ta da wari. Makewayi kuma, inda ake yawan faɗuwa, a sa kujera mai huda a tsakiya da fitila a hanya, wani ya raka shi da dare.